Ɗaki ƙafa 8 da 9, yara biyu, ga kabad ɗin marigayiya a ciki: yaya zan yi?

Uwar Biyu, Aboabo:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗan tsawaita don duk mai amsawa ya ga ɗakin kamar yana tsaye a ciki.

Muna haya ne a Aboabo, nan Kumasi, gidan haɗaka irin namu na zango, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ciki da falo ne, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a jikin falon da muka mayar sito tun ranar da muka tare. Yarinyata shekararta 5, ƙanenta 2, kuma har yau duk a ɗakinmu suke kwana, ita a katifa a ƙasa, shi a tsakaninmu. Yanzu ga wani tafe, saura wata uku in Allah Ya yarda. Maigida ya ce lokaci ya yi da za a gyara musu ɗan ɗakin nan, ni ma na san gaskiya ya faɗa.

Ni tela ce, tef ba ya barin wuyana, don haka na auna komai. Faɗin ɗakin ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 9. Ƙofa tana kusurwar hagu, faɗinta ƙafa biyu da rabi, kuma ciki take buɗewa. Taga ɗaya ce, tana fuskantar ƙofar, irin mai gilashin luba, da ƙarfen tsaro a waje. Akwai fankar sama, silin kuwa ba shi da tsawo, maigida yana taɓa shi da ɗan yatsa in ya yi ɗage. Bangon hagu shi ne na waje, kuma duk damina sai ya jiƙe daga ƙasa har wajen gwiwa, fenti ya kumbura yana zuba.

Abin da ke ciki: adaka biyu na ƙarfe, tsohon keken ɗinkina na ƙafa, jakunkuna huɗu na kayan da suka yi wa yara kaɗan, bokitai, da kayan wasa da ke yawo ko'ina. Waɗannan duk na san yadda zan yi da su. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne kabad ɗin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Na katakon odum ne, wato iroko, faɗinsa ƙafa 5, zurfinsa 2, tsawonsa ya wuce kaina sosai, murfi biyu da madubi a ɗaya. Da kuɗin goro ta sa aka yi mata shi tun kafin a haife ni. A ciki akwai kwanukanta na samira jere bisa jere, fanteka uku, da atamfofinta, wasu ko ɗinkawa ba a yi ba. Shekara huɗu kenan da rasuwarta, kuma in na buɗe murfin nan har yanzu ƙamshin turarenta da kafur ke fara fitowa. Wani lokaci nakan buɗe ba don ina neman komai ba.

Kabad ɗin yana jingine da bangon hagu. In na sa gado a bangon dama, abin da zai rage a tsakiya ɗan lungu ne. Maigida ya ce a sayi gado mai hawa biyu, yarinyar a sama, yaron a ƙasa, a huta. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don yarinyar nan juyi take yi cikin barci kamar hannun agogo, inda kanta ya kwana ba nan yake wayar gari ba.

To, gado mai hawa biyun ya dace da ɗakin nan? Ina zan sa tufafinsu da kayan makaranta yadda ita da kanta za ta iya ɗauka ta mayar? Kuma akwai dabarar da kabad ɗin zai zauna yaran ma su sami wuri? Don Allah kada a ce in sayar, ba zan iya ba.

Tsohon Kafinta, Sokoban:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya sauke ki lafiya, Ya jiƙan mahaifiya. Kin kyauta da kika kawo awo, yawancin masu zuwa wurinmu da hannu suke nuna mana girman ɗaki.

A Anloga, unguwar kafintoci a nan Kumasi, na koyi aiki, can muke har aka taso mu zuwa Sokoban lokacin da za a yi titin Oforikrom zuwa Asokwa, kuma na yi gadajen yara ba adadi. Bari mu yi lissafi tare. Faɗi ƙafa 8. Cire 2 na kabad, cire 3 na katifar mutum ɗaya, saura 3. Kowane murfin kabad ɗinki ƙafa biyu da rabi ne, in kin buɗe shi ya kusa taɓa gado, ke kuma ba inda za ki tsaya. Ga ƙofar ɗaki ita ma tana neman nata wurin a wannan ɓangaren. Ɗakin zai ɗauki kayan, amma ba zai bar wa yaro ƙasar da zai zauna ya yi wasa ba, kuma ɗan shekara 2 a ƙasa yake wuni.

Gado mai hawa biyu ban ba ki shawara ba, ko don fankar nan da gajeren silin. Yaro ya tashi zaune a sama, ko ya miƙa hannu, kin san sauran. Abin da nake yi wa masu irin ɗakinki shi ne gado mai 'ya. Gado ne guda, a bar wajen inci 14 a ƙarƙashinsa, sai a yi wani ɗan gado marar ƙafa mai tayoyi huɗu, da katifarsa siririya ta inci 4 ko 5. Da dare a jawo shi, da safe a tura shi ƙarƙashi. Yarinyar a na sama, yaron a na ƙasa, ko ya mirgino bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da rana kuma kina da fili ƙafa 5 da 9, tabarma biyu za su shimfiɗu.

Amma ki lura, in an jawo na ƙasan, gadajen biyu sun ci ƙafa 6. Da kabad a wurin, takwas ta cika cif, ba masaka tsinke. Ko babu kabad, ƙafa 2 ce ta rage, ƙofarki kuwa biyu da rabi ce, za ta bugi gadon. Sai a juya ta ta riƙa buɗewa ta falo. Aikin awa ɗaya ne ga kafinta, amma ki nemi izinin mai gidan tukuna.

Gadon ya bi bangon dama, kansa ta wajen bangon ƙofa, don ya yi nesa da taga. Kada ki manna shi da bango, ki bar inci 2 ko 3, iska ta wuce, ki kuma sami wurin cusa gidan sauro. A ƙasan katifa a sa falankai da tazara, ba filawud guda a rufe ruf ba, don katifar yaro sai ta sha iska, kin san sha'anin fitsarin kwance.

Batun katako: wanda ake kira wawa ya fi araha kuma ba shi da nauyi, ya isa a yi kanta da shi, amma yana da laushi, sukuru yakan saki a jikinsa, ƙwari kuma suna son sa in ba a shafa masa magani ba. Ƙafafu da firam ɗin gado a yi su da mai ƙarfi, ko da mahogani ne. Kowanne za ki saya, ki dage sai busasshe. Ɗanyen katako yana da kyau ranar da aka kawo shi, hunturu na shigowa sai ya murɗe, gaɓoɓi su buɗe, gado ya fara kuka.

Tufafi kuma, bango ne kabad ɗin ƙaramin ɗaki. Falanki ɗaya mai ƙugiya biyar a tsawon ƙafa 3 daga ƙasa, nan za ta rataye yunifom, hijabin makarantar allo da jaka. Kanta biyu a sama, daga ƙafa 5 zuwa sama, na abin da ba ki so hannunsu ya kai. Duk a bangon ciki, kada ki huda bangon da ke jiƙewa, ba ya riƙe komai.

Zan faɗi wani abu, in bai yi miki ba ki bar shi. Odum irin na da ba a samunsa yanzu da sauƙi, gara ba ta cinsa, kuma katakon kabad ɗin nan ya isa a fitar da gadon da kantocin gaba ɗaya. Jikokinta su kwana a kan abin da ta bari.

Uwar Biyu, Aboabo:

Baba, na gode, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauki alli na zana gadajen biyu a ƙasa kamar yadda nake zana yadi, lissafinka bai kuskure ko inci ɗaya ba. Gado mai 'ya ya kwanta mini. Amma a sa wa kabad ɗin zarto, wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya buga. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, sai dai ba zan iya tsayawa ina kallo ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Asawase:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. A ɓangaren yara nake aiki, don haka ta nan zan shigo.

Ki gaya wa maigida ƙa'idar likitocin yara ita ce ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya kwana a saman gado mai hawa biyu. Taki 5 ce. Kuma ko ta kai, ɗan shekara 2 ba zai ga tsani ya ƙyale ba, ranar da kika juya baya a sama za ki same shi.

Na biyu, duk abin da ya fi yaro tsawo a ɗakin nan a ɗaure shi da bango da ƙarfe mai kusurwa da sukuru. Mutane suna ganin kaya mai nauyi ba ya faɗuwa, alhali yaro yana buɗe murfi ya rataya a jiki, ko ya jawo durowa ya taka, nauyin sai ya dawo gaba. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka saboda sun faɗo wa yara har an rasa rayuka. Kabad ɗin odum mai madubi a murfi, cike da kwanuka, duk inda ya koma a gidan a ɗaure shi, a kuma riƙa kulle shi. Adakun ƙarfen nan ma su fita, murfinsu yana datse yatsa, yaro kuma yana iya shiga ciki wasan ɓuya.

Amma abin da ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba shi ne kafur da kika ambata. Ƙwallayen nan farare da muke sa wa a cikin kaya, yaro yana ganinsu alewa yake gani. Akwai wani yanayi na jini da ake gado, ana kiransa ƙarancin G6PD, yana da yawa a nan Afirka ta Yamma, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma iyaye da dama ba su san ɗansu yana da shi ba. Mai irin wannan jinin in ya haɗiye kafur ɗin, ko jariri aka sa masa kayan da suka daɗe a cikinsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna fashewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. A jariri abin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Tunda kina shirin fito da kayan jarirai daga jakunkunan nan, duk wanda ya kwana da kafur ki wanke shi sosai, ki shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. Ki tsince ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ki fitar da su daga gidan.

Gidan sauro kuma, kowane yaro da nasa ya fi, tunda katifun ba tsawonsu ɗaya ba. Igiya biyu daga bango zuwa bango sun isa a rataye duka biyun, nesa da fanka, da safe a naɗe a tura gefe. Ana ba da mai magani kyauta a wurin awon ciki, ki tambaya in ba a ba ki ba. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, in an wanke ma a inuwa zai bushe. Kada a kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗaki ƙanƙane haka a rufe ƙofa.

Ƙarƙashin taga ki bar shi fayau, ba kujera, ba kwando mai murfi da zai taka. Gilashin luba yana zamewa daga maƙalinsa, bakinsa kuma kaifi ne da shi. Soket ɗin da ke ƙasa a toshe shi.

Baban Yara, Sawaba:

Salam. Ni ban ga abin kashe kuɗi a gado ba ana shirin suna. Mu takwas muka tashi a ɗaki ɗaya, katifa a ƙasa, da asuba a ɗaga a jingine da bango, a share, ɗaki ya koma fili. Haka nake yi wa nawa uku yanzu. Ki sayi katifa biyu ƙanana da kwandunan roba uku, ɗaya nata, ɗaya nasa, ɗaya na kayan wasa, shi ke nan. Abin da na yarda da shi a maganar Baba kafinta shi ne kowa da shimfiɗarsa. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, to wanda ya saba tun yana ƙarami ba a shan wahala da shi.

Tsohon Kafinta, Sokoban:

Malam, maganarka tana kan hanya in ƙasan ɗaki a bushe yake. Nata bango yana tsotsar ruwa har gwiwa, kuma Aboabo ce, kowa ya san yadda unguwar take in ruwan Yuni ya sauka. Katifar soso a kan siminti mai danshi, wata biyu ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna, yaro yana shaƙa. In kuɗi ne matsala, a fara da ɗan gadon ƙasan kawai guda biyu, a ɗaga su inci 4, na saman ya jira bayan suna. Kwandunan roba kuwa na goyi baya, kasuwar Kejetia cike take da su.

Hajiya Kaka, Tafo Zango:

'Yata, jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Duk sun yi miki maganar katako da magani, ni maganar uwarki zan yi.

Kada ki yanka, kada ki sayar. Amma ki tambayi kanki, ita da ta tara kuɗin goro ta yi kabad mai madubi, don a ɓoye shi a sito ta yi? A zamaninmu kabad da jeren kwano su ne fuskar ɗakin mace. Baƙuwa tana shigowa su take fara gani, ta san matar gidan ba ta zauna haka nan ba. Ana suna ko biki a fito da fanteka a zuba tuwo, a kai gidan maƙwabta a samira mai murfi, a wanke a goge a mayar. Ke kin jingine shi da bango mai ruwa, a ɗakin da ba mai shiga sai ke. Odum yana da haƙuri, amma bayan kabad yawanci falanki ne siriri, shi ba ya jure danshi. Ki jawo shi ki duba.

Wurinsa falo. Ki dubi abin da ke falonki wanda ba ki da tarihi da shi, ki fitar da wannan, kabad ya shiga.

Sannan atamfofin. Zane in ya shekara huɗu a ninke, kan ninkin yake fara ci, ranar da kika buɗe ki ga layi fari ya ratsa shi. Ke tela ce, kin fi ni sani. Kina da 'yan'uwa mata? An raba abin da ke ciki, ko dai kabad ɗin aka ce ki ɗauka aka yi shiru da sauran don kowa yana jin nauyi? In ba a raba ba, haƙƙinsu yana ciki, maza da mata, kuma zai fi miki sauƙi ki kira su ku buɗe tare. Wanda ya zo hannunki ki ɗinka, ki sa ranar suna. Ki yanka wa yarinyar ma riga a ciki, ki ce mata na kakarta ne. Wanda ba mai so a bayar sadaka, ladan ya isa gare ta. Ni haka na yi da na tawa uwar, kuma kanumfari nake ƙullewa a ƙyalle in sa a cikin kaya, ban taɓa son warin kafur ba.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya miki su.

Uwar Biyu, Aboabo:

Assalamu alaikum. Mako uku kenan, na ga bai kamata in yi shiru ba bayan duk abin da kuka yi mini.

Mma Hajiya, maganarki ce ta fara aiki. Daren da na karanta ban yi barcin kirki ba. Gaskiya ne, kabad ɗin kawai aka ce in ɗauka a matsayina na babba, abin da ke ciki ba wanda ya taɓa tayar da zancensa. Na kira ƙannena, mata biyu da namiji ɗaya, ta Accra ta hau mota daga Nima ta zo ranar Asabar. Muka shimfiɗa tabarma a falo muka fito da komai. Atamfa 17 muka ƙirga, har da Holan biyu da GTP ta Ghana da takardarsu ba a ɓare ba. Uku sun ci a kan ninki kamar yadda kika ce. Autarmu ta ɗaga wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye ta ce wannan Mma ta sa ranar saukarta, sai duk muka yi shiru, daga baya aka yi kuka, aka yi addu'a. Ƙanenmu ya kira malami ya faɗa mana yadda rabon yake, kowa ya ɗauki nasa da daɗin rai. Kabad ɗin da samira shida su ne nawa.

Sista, kafur 11 na tsinta. Tara a cikin kaya, biyu a ƙasa bayan kabad, sun gangara inda hannun yaro zai kai da an matsar da shi. Na wanke kayan jariran sau biyu, sun kwana uku a igiya.

Maza huɗu ne suka fitar da kabad ɗin, sai da aka cire ƙofar ɗakin da murafensa biyu. Bayansa kuwa, falankin ƙasa ya yi laushi har yatsa yana shiga, bangon kuma baƙi ƙirin. Da ya ƙara damina ɗaya a wurin da na yi asararsa ina ganin adana shi nake yi. An canza falankin, yanzu yana falo a inda teburin talabijin yake da, an ɗaure shi da bango ta sama, makullin yana cikin jakata. Teburin na ba wa wata amarya a gidanmu, talabijin ta koma bango. Adaka ɗaya ƙanwata ta tafi da ita, ɗayar tana ƙarƙashin gadonmu. Keken ɗinki ya koma shago.

Mai gidan ya yarda an juya ƙofa, ya kuma turo magini ya kankare bangon ya sake filasta daga ƙasa. Baba, mun bi shawararka ta biyu saboda kuɗi: ƙananan gadaje biyu a yanzu, ɗaya da tayoyinsa a jiki, na saman sai bayan suna. Da rana nakan ɗora ɗaya a kan ɗaya. Malam na Sawaba, kwandunanka uku suna nan, ja nata, kore nasa, fari na kayan wasa. Falankin ƙugiya kuwa ya fi komai burge yarinyar. Jiya ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta wuce ta rataye jakarta, ta dawo ta ja ƙanenta ta nuna masa ƙugiyar da ta bar masa, ta ƙarshe ta wajen ƙofa.

Ba su fara kwana a ciki ba tukuna, filastar ba ta gama bushewa ba, kuma ban yi fenti ba. Baba, kwana nawa zan jira kafin a shafa, kuma wane iri ne ba ya kumbura a bango irin wannan? Sista, bayan an shafa, kwana nawa zan bar tagar a buɗe kafin in shigar da su, ni ma da nake cikin wannan hali in iya shiga?